Surukata ta shiga gigin tsufa kuma ni kaɗai ce a kanta, akwai inda ake taimakon irinmu a Gombe?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a yi haƙuri a bar min wannan, na san ba irinsa aka saba kawowa nan ba. Mahaifiyar maigidana ce, Dada muke ce mata, za ta kai shekara 78, shekara 3 kenan tana wajenmu a Pantami. Da farko ƙananan abubuwa ne, ta ajiye carbi ta manta, ta tambaye ka abu ɗaya sau biyar, muna ta dariya ma a lokacin. Yanzu kam abin ya wuce dariya. Za ta ci tuwo ta wanke hannu, baƙuwa na yin sallama sai ta ce tun jiya ba a ba ta ko ruwa ba. Ta cusa kuɗinta a cikin tulu ko a takalmi ta ce ni na sace. Da la'asar ta yi sanyi sai ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali ta tsaya a zaure wai za ta tafi gida Dukku babanta na jiranta da shanu, mutumin da ya rasu tun ba a haifi mijina ba. Makon jiya muna sallar asuba ta zare sakata ta fita, sai wajen ƙarfe 9 wani mai keke ya kawo ta, ba takalmi a ƙafarta. Hausar ma ta fara barinta, Fulatanci kawai take yi ni kuma ba na ji sosai. Yara 4 gare ni ƙaramar tana nono, ɗinkin da nake yi na ajiye shi. 'Ya'yanta 7 ne a raye amma kowa sai dai ya bugo waya ya ce ya jikin Dada. Tambayata, a Gombe ko Bauchi akwai wata ƙungiya ko wani waje da ake taimakon masu wannan larura da masu jinyarsu? Ko wanda zai zauna da ita na awa 3 ne in samu in runtsa. Ba gajiya na yi da ita ba, Allah ya sani.

Ummu_Hanif:
Allah sarki, wallahi har na yi ƙwalla. Allah ya ba ki lada ya ba ta sauƙi. Kuma ko kin ce kin gaji ba ki yi saɓo ba, mutum ce ke.

Bappa_Dukku:
Wa alaikumus salam. 'Yata wannan ai gigin tsufa ne, ba ciwo ba ne ballantana a nemo masa ƙungiya. Kakanninmu duk sun yi a gabanmu, aka yi haƙuri da su har Allah ya karɓi abinsa. Duk wanda ya daɗe a duniya sai ya koma yaro. Ki ƙara haƙuri kawai, aljannarki kike nema.

Sista_Hadiza_Nas:
Bappa da girmanka amma a nan kam zan ɗan saɓa maka. Ba kowane tsoho ne yake yin haka ba. Kai ma ka san dattijai masu shekara 90 da za su lissafo maka sarakunan Gombe tun daga Buba Yero ba su tsallake ko ɗaya ba. Manta inda ka ajiye makulli tsufa ne, amma ka riƙe makulli a hannu ka rasa me ake yi da shi, ko ka kasa gane hanyar gidanku, wannan ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, a asibiti dimenshiya ake ce masa. Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne Alzaima, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100, kuma ta ce masu ciwon mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, mafi yawansu a ƙasashe irin namu suke ba a Turai ba. Akwai kuma wanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suke jawowa, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ne suke toshewa kaɗan-kaɗan, shi kam muna ganinsa sosai a nan saboda tsofaffinmu ba sa awon jini sai sun faɗi.

Maman Ilham abu na farko a kai ta likita ya duba ta, ko asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe, ko na ATBU idan Bauchi ya fi muku sauƙi, ku fara da likitan da ke ganin kowa shi zai tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa. Dalili, akwai abubuwan da suke kama da shi amma ana warkewa, kamar ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, har ciwon sanyi na mafitsara yana ruɗa tsoho cikin kwana biyu. Wani ma kunne ne ya daina ji ake cewa ya ruɗe.

Abu_Sumayya:
Ni abin da ya tsaya min shi ne da ta ce sai rana ta kusa faɗuwa abin yake tashi. Wa bai san lokacin da mutanen ɓoye suke fitowa ba? A nemi mai ruƙiyya na ƙwarai tukun kafin a fara zubar da kuɗi a asibiti.

Sista_Hadiza_Nas:
@Abu_Sumayya wannan tashin na yamma sananne ne a ciwon, a duk duniya haka masu shi suke yi, har waɗanda ba su taɓa jin labarin magariba da aljanu ba. Gajiyar wuni ce ga haske na raguwa ga inuwa tana rikita musu ido. Addu'a kam ba mai hana ta.

Malam_Tumfure:
Bismillah. Ina ganin Bappa da Sista kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Allah ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, cewa a cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ku lura, cewa aka yi "a cikinku akwai", ba a ce dukkanku ba. Kuma Annabi SAW ya kasance yana neman tsari daga wannan a addu'arsa. Tofi da karatun Alƙur'ani alheri ne, amma ruƙiyyar da za a danne tsohuwa ana mata ihu a kunne ana dukanta wai aljani ake duka, wannan zalunci ne, na ga an yi kuma ban ga wanda ya warke ba.

Abu biyu zan ƙara. Idan hankalinta ya gushe har ba ta rarrabe lokuta, an ɗauke mata alƙalami, kada a takura mata a kan salla ko azumi, in ta yi sallar azahar sau uku ko ta yi ba alwala ku bar ta. Na biyu kuma wanda na san ba zai yi wa wasu daɗi ba, jinyar Dada wajibi ce a kan 'ya'yanta 7 ɗin nan, maza da mata. Matar ɗa kyautatawa take yi, ba bashi ake binta ba.

Hamma_Bolari:
Allah ya gafarta malam, wannan fatawar kam za ta kashe aure da yawa a garin nan. Mijin yana kasuwa yana nemo abin da za a ci, wa zai zauna da uwar in ba matar ba? Ko shi zai yi mata wanka?

Malam_Tumfure:
Ban ce ta daina ba Hamma. Na ce a san cewa alheri take yi, a gode mata, a rage mata. 'Yan uwansa mata suna ina? Shi kansa in ya dawo daga kasuwa me ya hana shi kwana a ɗakin mahaifiyarsa dare biyu a mako matar ta yi barci?

Adda_Jummai_Herwagana:
Maman Ilham ƙanwata zo nan ki ji, ni na yi shekara 6 a cikin abin da kike ciki, nawa mahaifina ne. Tsohon ma'aikacin gidan gurzar auduga ne a BCGA, ya yi ritaya tun ina firamare, amma da ciwon ya kama shi kullum ƙarfe 6 na safe zai saka hula ya ɗauki sandarsa wai ya makara, Bature zai yanke masa albashi. Shekarar farko kullum faɗa muke, ina ce masa Baba ai an daɗe da barin aikin nan, shi kuma ya ce ni maƙaryaciya ce ya fashe da kuka. Ranar da na ce masa Inna ta rasu, alhali ta shekara 10 da rasuwa, ya yi kuka kamar a ranar aka yi mutuwar, washegari ya sake tambaya ina take. Daga nan na gane ni ce nake azabtar da shi da gaskiyata. Sai na koma in ya ce zai tafi aiki in ce Baba yau Lahadi ce, zauna ka sha kunu. A gidanmu kullum Lahadi ce har ya koma ga Allah.

To ke ma in Dada ta ƙulle kaya kar ki ce mata babanta ya mutu. Ki ce to Dada bari mota ta zo, kafin nan taya ni tsince waken nan. Ki ba ta tire da wake ko shinkafa, ko ƙwarya ta riƙa gogewa, hannunsu ba ya manta aiki ko da kai ya manta. Zancen sata kuwa kar ki sa a ranki, ni har 'yan sanda Baba ya ce zai kira min. Ki gano wuraren da take ɓoyo, yawanci biyu ne ko uku ba sa canzawa, in ta ce an sace ki ce mu nema tare.

Ƙungiya kam ni ban samu ba a lokacina, na tambaya har na gaji. Abin da ya cece ni wata maƙwabciyata ce bazawara da take zuwa bayan azahar ta zauna da shi ina ba ta ɗan abin sabulu. Wannan awa biyun su suka hana ni haukacewa.

Ummu_Hanif:
"Kullum Lahadi ce" wallahi Adda kin sa ni dariya da kuka lokaci ɗaya. Amma malam wannan ba ƙarya ba ce?

Malam_Tumfure:
In za a iya kauce wa da zancen da ba ƙarya ba kamar "zauna ka sha kunu tukun" ya fi. Amma ba zan ce Adda ta yi laifi ba, lallashin marar lafiya take yi ba cutarsa ba.

Dan_Keke_Jeka:
Ni mai keke ne kuma wallahi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ɗauki irin tsofaffin nan. Akwai wani dattijo da na gani wajen tashar Dukku da rana tsaka, fes da shi babbar riga da rawani, ya ce in kai shi gida, na ce ina ne gidan ya ce kusa da bishiyar tsamiya. Muka yi ta zagaye Jekadafari da Kumbiya-Kumbiya har mai na ya kusa ƙarewa, ƙarshe na kai shi wajen mai unguwa aka ba da cigiya a masallatai, sai bayan isha'i 'ya'yansa suka zo, ashe daga Nasarawo ya tako a ƙafa. Dan Allah masu irin tsofaffin nan ku riƙa saka musu takarda da lambar waya a aljihu.

Adda_Jummai_Herwagana:
Takarda jefarwa suke yi. Maman Ilham tunda tela ce ke, ki rubuta lambar a ƙyalle da alƙalamin da ba ya wankuwa ki ɗinke a bakin zanenta da hijabinta duka. Kuma ki zaga ki faɗa wa mai shago da mai shayi da masu keken bakin layinku, kar ki ji kunya. Sakata kuma a ƙara wata can sama inda idonta ba ya kaiwa, ko a rataya ƙararrawa a ƙofar.

Saratu_Kaltungo:
Sannu Maman Ilham, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Gara ku aljanu ake cewa, mu a wajenmu wani lokaci mayya ake cewa. Kakar wata ƙawata ta fita da dare ba kaya a jikinta aka same ta a bayan gidan wasu da asuba, kafin ka ce me matasa sun taru wai ta faɗo ne daga tafiyar dare, da aka tambaye ta ko ita ta kama yaron gidan da ba shi da lafiya sai ta ce e, don ita duk abin da ka tambaye ta e take cewa. Ba don fasto da wani dattijo Musulmi maƙwabcinsu sun tsaya a kanta ba da an yi aika-aika. Tun daga nan zumuntar mata ta ikilisiyarmu ta sa tsofaffi irin waɗannan a cikin ziyarar da muke yi, mata biyu-biyu kowace Alhamis, mu yi wanki mu yi shara mu zauna da tsohuwar, mai jinyar ta je kasuwa ko ta kwanta. Ba kuɗi muke ba su ba, ba mu da shi. Amma ba wani horo muka samu ba, da za a samu nas ta zo ta koya mana ko na wuni ɗaya ne da mun so.

Hamma_Bolari:
Ni dai har yanzu ina ganin ciwon Turawa ne aka shigo mana da shi da cimar zamani, da can ina aka san wani Alzaima.

Dalibin_Likita_GSU:
Hamma sunan ne na Bature, wani likitan Jamus ne Alois Alzheimer ya fara bayanin ciwon a 1906, amma ciwon ba shi da ƙabila. An yi wani dogon bincike tun daga 1992 da aka kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka, an samu ya fi yawa a na Amurka ɗin gaskiya, amma a Ibadan ma akwai shi. Kuma in babu shi a da, ina Hausawa suka samo kalmar gigin tsufa? Abin da ya canza shi ne mutane sun fi daɗewa a duniya yanzu, gidajen gandu kuma sun watse, da can mata 6 ne a tsakar gida ɗaya suna karɓa-karɓa, yanzu mace ɗaya ce a gida mai get.

Maganin_Gargajiya_Sahihi:
Akwai ingantaccen haɗin da yake dawo da ƙwaƙwalwa cikin kwana 21 da yardar Allah, an gwada an gani, mai buƙata ya yi min magana ta inbos.

Admin_Jewel:
An cire lambar da ka saka. Ba a talla a nan, in ka sake za ka fita.

Sista_Hadiza_Nas:
Na gode admin. Gaskiya mai ɗaci ita ce har yau babu maganin da yake warkar da Alzaima. Akwai irin su donefezil da memantin da likita kan rubuta, wasu suna ɗan samun sauƙi na wani lokaci, wasu ba sa ganin komai. Duk wanda ya ce miki kwana 21 kuɗinki yake so. Kuma dan Allah kar a je kemis a sayo maganin barci a riƙa ɗura mata don a huta, na san ana yi, yana ƙara ruɗa su kuma su tashi cikin dare jiri ya kwashe su ƙugu ya karye, tsofaffin da ƙugunsu ya karye kuwa da yawa ba sa sake tashi.

Bn_Yusuf_Ingila:
Ni ɗan Bajoga ne amma ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Ingila shekara 4 yanzu, rabin waɗanda nake kula da su wannan ciwon ne. Abin da Maman Ilham take tambaya a nan akwai shi. Akwai cibiyoyin wuni, a kawo tsoho da safe a ɗauke shi da yamma kamar makarantar yara. Akwai tsarin hutun mai jinya, a karɓi marar lafiyar na mako ɗaya ko biyu don wanda yake ɗawainiya ya huta. Akwai zaman shan shayi da masu jinya suke haɗuwa kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Amma kar ku ɗauka aljanna ce, tsada kamar me, wasu har gidansu ake sayarwa a biya, kuma akwai tsohuwar da tun da na fara aiki ban ga wanda ya zo duba ta ba. Ni ba zan so a kwafo gidan kwana ba, amma na wunin nan me zai hana? Ajin islamiyya nawa ne suke kulle daga safe zuwa azahar a Gombe?

Bappa_Dukku:
To ga shi nan an zo inda nake gudu. Yau a ce wuni, gobe a ce kwana, jibi ka ji an kai uwa gidan gajiyayyu. Wallahi da in ga wannan rana gara ƙasa ta rufe min ido. Uwar da ta yi maka wankin kashi ba ta kai ka ko'ina ba.

Adda_Jummai_Herwagana:
Bappa Allah ya ja da ranka, tsakani da Allah ka taɓa canza wa babban mutum pampas da hannunka ƙarfe 2 na dare? Ba rashin kunya ba ce tambaya ce. Masu cewa a yi haƙuri yawanci ba su ne suke wankin ba. Ni da Baba ya rasu aka auna ni aka ce hawan jini ya kama ni, ban kai 45 ba a lokacin.

Bappa_Dukku:
Ban taɓa ba, gaskiya. Mata ne suka yi.

Ummu_Hanif:
To ka gani Bappa.

Comr_Sani_Arawa:
Ku bari mu dawo kan tambayar da aka yi. A takarda gwamnati ta san da tsofaffi. Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka naɗa mata shugabanni a 2021, a Abuja take. Sannan a Janairun 2023 ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A Ibadan asibitin koyarwa na UCH yana da cibiya sukutum ta tsofaffi tun 2012. A nan jiha kuma akwai hukumar inshorar lafiya ta GoHealth, Bauchi suna da tasu hukumar BASHCMA, ya kamata mijinki ya je ya tambaya ko za a iya yi wa Dada rajista ko kuɗin awo da na maganin hawan jini zai ragu. Amma wanda zai zo gida ya zauna da ita awa 3 ɗin da kika ce, wannan sai dai mu mu ƙirƙira. Gundumomi 114 ne a jihar nan, kowace da asibitin sha-ka-tafi da kwamitin raya gunduma, ga 'yan agaji na kowace ƙungiyar addini, ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN. Ranar 21 ga Satumba ce ranar Alzaima ta duniya, in da gaske muke mu nemi ko fili ɗaya a rediyo kafin lokacin.

Hamma_Bolari:
Kwamared an fara kenan, daga nan sai a ce a kafa kwamiti a buɗe asusu a zaɓi ma'aji, daga nan kuma shiru.

Baban_Khalifa:
Wani ɓangaren da ba wanda ya taɓo shi ne dukiya. Mahaifinmu yana cikin wannan hali wani ɗan uwanmu ya ɗauke shi a mota wai za su gaisuwa, ashe wajen dillalai ya kai shi ya dangwala yatsa a takardar sayar da gonarsa. Sai da damina ta zo muka je noma muka tarar da wasu suna shuka. Har yau muna kotu. Ga wahalar fansho, duk lokacin tantancewa sai mun ɗauke shi ranga-ranga mun kai shi wani ofis, ya wuni a layi, a tambaye shi sunansa ya kasa faɗa, ma'aikacin ya ce mu muka kawo wani daban. Maman Ilham ki ce wa mijinki ya tara 'yan uwansa a rubuta duk abin da Dada ta mallaka, shanu ne ko fili ko ɗan kunnen zinare, a sa shaidu. Don ranar da abu ya ɓata ke za a fara kallo tunda ita da bakinta tana cewa kina sata.

Maman_Ilham:
Innalillahi, Baban Khalifa wallahi ka taɓo inda yake min ciwo. Wata ƙanwar mijina ta riga ta fara cewa wai ina warwaron Dada na azurfa, alhali a cikin buhun gero na same shi daga baya. Na gode muku duka, ban zaci za a amsa haka ba. Sista za mu kai ta asibiti in sha Allah, dama tana da hawan jini kuma ta fi shekara ba ta shan maganin, tofarwa take yi. Jiya da yamma na gwada na Adda, na zuba mata wake a tire, ta tsince shi tas ta sake haɗewa da tsakuwar ta sake tsincewa har aka kira magariba ba ta je zaure ba. Yau kuma bai yi aiki ba, ta watsar da shi.

Adda_Jummai_Herwagana:
Haka abin yake, yau ya ci gobe ya ƙi. Gobe ki gwada ninkin kaya.

Inna_Wuro_Deba:
Sai yanzu na ga wannan. Zancen Fulatancin nan kar ya dame ki, goggona ma haka ta yi, ta shekara 50 a cikin Hausawa amma a ƙarshe ko "sannu" ta daina, harshen da aka sha a nono shi yake saura. In ta ce "mi hoota" gida take cewa za ta koma. Ki koyi ko kalma 10 ne, da safe ki ce mata "a waali jam Dada", in za ki ba ta tuwo ki ce "nyiiri", nono kuma "kosam", za ki ga fuskarta ta sake. Ni ina Tudun Wada, ba nisa, zan iya zuwa ranar Asabar bayan azahar in zauna da ita mu yi hirar shanu ke ki shiga ɗaki ki kulle.

Abu_Sumayya:
Ni dai ban janye ba, a haɗa da ruƙiyyar. Amma ta hankali kamar yadda malam ya ce.

Bn_Yusuf_Ingila:
Karatun Alƙur'ani kam a saka mata, musamman ƙira'ar da ta saba ji tun tana yarinya. A nan muna ganin wanda ya manta sunan matarsa amma a saka waƙar ƙuruciyarsa ya bi ta daga farko har ƙarshe.

Maman_Ilham:
Na nuna wa Baban Ilham duk abin da aka rubuta. Ya yi shiru ya daɗe, da ya zo kan maganar malam sai ya ajiye wayar ya fita. Amma daren jiya shi ya kwana a ɗakinta. Ya kira yayyensa wai za a zauna ranar Juma'a, babbar yayarsu ta Kumo ta riga ta ce ita ba za ta zo ba tunda an kai sirrin gidansu intanet, ban san wa ya tura mata ba. Ban ambaci sunan kowa ba fa.

Comr_Sani_Arawa:
Masu son mu yi zama kan wannan magana su ɗaga hannu, ko mu 5 ne. Sista za ki iya ba mu awa ɗaya? Saratu ku ma ku zo da matanku.

Sista_Hadiza_Nas:
In ba ranar da nake dutin dare ba zan zo. Amma a samu waje tukun.

Hamma_Bolari:
Zauren gidanmu yana da faɗi in ba ku raina ba. Ba na cikin kwamiti fa.

Inna_Wuro_Deba:
Maman Ilham ba ki ba ni amsa ba, Asabar ɗin ta yi? Turo min kwatancen ta inbos, ta wajen filin wasa ne ko ta bayan kasuwa? Kuma tana shan fura da suga ko babu, in taho da ita.